Baba Kura da Gonar Zabarmari

Ranar da Baba Kura ya rasu, tabarmin gidan ba su isa ba, sai da aka aro na masallacin unguwa. Maza suka cika ƙofar gida har gindin darbejiya, mu mata muka cika tsakar gida da ɗakuna. Baba Kura yayan mahaifina ne. A nan Maiduguri haka muke kiran babban wan uba, don kura da Kanuri babba ke nan.

Ina zaune kusa da Gwaggo, ƙanwarsu, ina taya ta karɓar gaisuwa. Abin da na lura da shi tun hantsi shi ne, masu ta'aziyyar kamar kashi biyu suke, kamar gaisuwar mutum biyu suka zo. Matan tsofaffin 'yan kasuwar kifi za su shigo cikin lafayarsu, su zauna, su ce, "Allah ya jiƙan Alhaji. Mutum ne mai zafi, amma ba ya cin haƙƙin kowa." In sun zo kan kalmar zafi sai su sassauta murya. Su kuwa matan da gudun hijira ya kawo garin nan, tun daga zaure ake jin kukansu. Wata tsohuwa a cikinsu, da Hausarta da ba ta nuna ba, ta riƙe hannun Gwaggo tana ta maimaita magana ɗaya: "Baba ya tafi. Wa zai tambaya ko mun ci?"

Akwai matar wani ɗan kasuwa da suka ƙaura Kano tun farkon rikici, ba ta dawo ba sai a wannan makon. Ta daɗe tana kallon masu kukan, sannan ta matso kusa da kunnena.

"'Yar nan, waɗannan su wane ne? Alhajin da na sani suke yi wa wannan kuka?"

Na ce, "Shi ne, Hajiya."

Ta girgiza kai. "Ikon Allah."

Gwaggo ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Sai da aka ɗan ragu bayan la'asar, ta dubi ƙofar ɗakinsa, ta ce, ba da kowa take ba, "Su biyu sun tafi sun bar ni. Yanzu wa zan ce wa, ka tuna?"

A garin nan mutuwa ta yi yawa har ta fara cakuɗe mana. Sai ka ji ana gardama ko wane a shekarar da aka katse layin waya ya rasu, ko a wadda ta biyo baya. 'Ya'yana ba su san Baba Kura ba sai a matsayin tsoho mai rama da ke ɓoye musu dabino a aljihu. Shi ya sa na ga ya kamata in ajiye abin da na sani, na daɗi da na ɗaci, tun kafin nawa tunanin ya fara zubewa.

Lokacin da nake yarinya tsoronsa muke ji. Fataucin banda yake yi, kifin da ake ƙyafewa a bakin tafkin Chadi, a zuba a kwali, a loda a manyan motoci zuwa Kudu. Wuni yake a cikin warin kifi, amma ba wanda ya taɓa jin warin a jikinsa. Da ya dawo zai yi wanka, a kawo masa kaskon turaren wuta, ya tsaya a kansa ya baza babbar riga har hayaƙin ya fito ta wuyansa. Huluna kuwa yana da kabad guda na gilashi, kowace a kan iccenta. Ba a taɓa masa su. Wata rana ƙanina ya buɗe kabad ɗin don ya leƙa, sai da ya kwana gidan maƙwabta.

Muryarsa tana riga shi shigowa. Maganar da ya fi yi ita ce, "Ni ba na maimaita magana." Kuma ba ya maimaitawa. In ya ce a yi abu, ko ya ga daga baya ba daidai ba ne, sai an yi. Duk da haka ni kaɗai yake sassauta wa, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Uwata yake kirana. In na kai masa ruwa zai ce, "Uwata ta ba ni ruwa, yau na yi albarka," da fuskar nan tasa a ɗaure, kamar yana yanke hukunci.

Mahaifina, wanda shi yake kira Gana, wato ƙarami, ba su yi kama ba ko kaɗan. Tela ne, mai sanyin magana, in damina ta zo ya rufe keken ɗinki ya tafi gona. Gonar shinkafa ce a Zabarmari, wani ƙauye a bayan gari, kakanmu ya saya bayan ya zo daga Kano da fatauci ya auri kakarmu ya zauna. Tun Baba yana saurayi shi yake noma ta. Da kakanmu ya rasu aka zo rabon gado, Baba Kura ya ce gona tana hannunsa, Baba ya riƙe ɗakunan da muke ciki a gidan gado na unguwar Shehuri. Zai sa 'yan ƙwadago da injin ban-ruwa, a noma ta yadda ya kamata, ba wasan da ake yi ba.

Ina bayan labule na ji Baba yana cewa, "Yaya, ka bar mini ita. Kai kana da kasuwa. Ni ita na sani."

A gaban dattijan da aka tara Baba Kura ya ce, "Kana cin abincin gidana, kana gaya mini abin da zan yi?"

Baba ya tashi ya fita. Kafin mako ya zagayo ya ɗora keken ɗinkinsa a kura, mu muka bi shi a baya da ƙullin kaya a ka, muka koma gidan haya a unguwar Fezzan. Daga nan magana ta yanke. In sun haɗu a jana'iza sai ɗaya ya tsaya a wannan gefen sahu, ɗaya a wancan. Gwaggo ta yi ta kai da kawowa har ta gaji. Duk lokacin da ta ce, "Yaya, wannan gabar ta isa haka," sai ya ce, "Akwai lokaci."

Da aurena ya tashi, dole shi ne waliyyi. Ya zo cikin shadda fara da ƙamshinsa, ya ba da ni, aka shafa fatiha. Kayan ɗakina rabi shi ya aiko da su. Amma bai dubi inda Baba yake zaune ba, kuma da aka fito da burabisko ya riga ya shiga mota. Mama ta ce ranar Baba ya zuba masa nasa a kwano daban da hannunsa, ya rufe, ya ajiye a gefe, har ya huce.

Sai abin nan ya zo. Ba ma kiran sunansa ko a cikin ɗaki. Yaran muke cewa, daga baya muka koma cewa mutanen daji. Aka sa dokar hana fita. Aka hana babur. Hanyar tafki ta rufe, kifi ya daina zuwa, motocin Baba Kura suka tsaya a layi tayoyinsu suna sacewa. Mutumin da ba a yi masa musu, sai ga shi yana saukowa daga mota a shingen bincike, ya ɗaga hannu sama, ya tattare babbar riga don a ga ba komai a cikinsa, kamar kowa. Ya ƙara zafi a waɗannan shekarun na farko. Gwaggo, wadda ta dawo gidan da zama bayan mijinta ya rasu, ta ce ko cokali ya faɗi sai ya yi faɗa.

Akwai wani mutum a kasuwa da suka shafe shekaru suna rigima a kan rumfa ɗaya, har gaban alƙali. Ko sunansa aka ambata a gidan sai Baba Kura ya tashi. Wata rana da rana tsaka wani abu ya tashi kusa da kasuwa, mutumin yana cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Maigidana ya je maƙabarta, shi ya ba ni labari. Ya ce makara ta yi yawa, masu haƙa sun gaji, mutane suna tsaye kowa yana jiran wani. Sai ya ga Baba Kura ya cire hula, ya cire babbar riga, ya miƙa wa na kusa da shi, ya karɓi shebur. Da aka gama haƙa, shi ya shiga ramin ya karɓi gawar abokin rigimar tasa. Maigidana ya ce likkafanin ba shi da nauyi, abin da aka iya tattarawa ne kawai, kuma ya ga lokacin da Baba Kura ya ji rashin nauyin a hannunsa, ya ɗago kai ya dubi mutanen da ke sama kamar zai tambaye su wani abu.

Ya koma gida da ƙasa a wandonsa. Aka kawo kaskon turare, ya ce a mayar. Ya zauna a dandaryar tsakar gida, inda bai taɓa zama ba. Gwaggo ta zauna nesa kaɗan tana jira.

Can ya ce, "Rumfar ta ƙone."

Ta ce, "Na ji, Yaya."

"Ni ban samu ba, shi bai samu ba. Na kwantar da shi, na duba wurin da kyau. Ko juyawa ba a yi a ciki. Na tsaya ina tunanin me zan shigo da shi nan in tawa ta zo. Na lissafo duk abin da na tara, ban ga wanda zai shiga ba. Sai maganganun da na gaya wa mutane. Su kam za su shiga."

Ba zan ce daga ranar ya zama wani mutum ba. Faɗa bai bar shi ba har ya mutu. Amma abin da yake yi wa faɗa ya canza. Lokacin da garuruwan bakin tafki suka watse, mutane suka shigo Maiduguri da ƙafa, wasu ko takalmi babu, cikinsu har da masuntan da yake sayen kifi a hannunsu. Ya sa aka fitar da tsofaffin kwalaye daga ɗakunan ajiya, aka share, aka zuba mutane. Tsakar gidan da ba a barin yaro ya yi gudu ta koma wurin shanya da murhu. Kowace safiya zai bi ɗaki-ɗaki da sandarsa yana tambaya da Kanuri, ko da Larabcin Shuwa in su ne, "Kun ci? Me kuka ci?" In aka ce an ci alhali ba a ci ba, a nan ake ganin tsohon Baba Kura.

Wata Juma'a ya ga wani dattijo zaune a zaure ana ta shirin masallaci shi bai motsa ba. Bulama ne a garinsu, mai unguwa guda. Baba Kura ya tambaye shi lafiya. Mutumin ya shafa kansa ya ce, "Alhaji, tun da na girma ban taɓa shiga mutane kai ba hula ba. Tawa ta faɗi a ruwa lokacin da muke tsallakewa." Baba Kura ya shiga ciki, ya buɗe kabad ɗin gilashi, ya ɗauko wadda ya fi ji da ita, ya zo ya ɗora masa da hannunsa, ya gyara mata zama. Sannan ya ce duk namijin da ke gidan ya shiga ya zaɓa. Gwaggo ta ce ranar ta ga masunta da makiyaya sun fita masallaci riga a yage, kai kuwa kamar na 'yan majalisar sarki, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka.

Zuwansa Fezzan ina nan, na kai wa Mama jikokinta. Bayan azahar ne, Baba yana ɗinki a zaure. Muka ji sallama da muryar da ba mu ji a ƙofarmu ba tun ina yarinya. Keken ɗinkin ya tsaya. Na leƙo, na ga Baba Kura tsaye cikin rana, shi kaɗai, a keke mai ƙafa uku ya zo kamar kowa. Baba ya miƙe, tsinin allura a bakinsa, ya rasa abin da zai yi, sai ya jawo masa kujera. Baba Kura bai hau ba. Ya tsuguna a ƙasa, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Gana."

"Yaya, tashi don Allah. Tashi."

"Bari in gama. Kullum ina binne mutane. Jiya ma na binne wanda muka yi sallar asuba tare. Na ga in ban zo da ƙafata ba, to a makara za a kawo maka ni, ko a kawo mini kai. Maganar da na gaya maka a gaban mutane, ban da gaskiya. Abincin gidan ubanmu ne kake ci, ba nawa ba. Gonar taka ce. Tun farko taka ce. Ka yafe mini."

Baba ya durƙusa shi ma. Ban ji abin da ya ce ba, don fuskarsa tana cikin kafaɗar yayansa. Mama tana bayana ta toshe bakinta da gefen mayafi. Da ta samu kanta ta ce, "Je ki ɗora ruwa, me kike kallo?" Tuwon masara ne da miyar kuka kawai a gidan ranar. A kwano ɗaya suka ci. Baba Kura ya ce gishiri ya yi yawa, Baba ya yi dariya har ya ƙware.

Abin da ya biyo baya shi ne lokacin da na fi so in tuna. Kusan kullum da la'asar Baba zai rufe keken ɗinki ya tafi Shehuri, su zauna a gindin darbejiya da butar shayi da rediyo. Musu suke yi a kan komai: ko wace shekara kogi ya cika ya shigo gari, ko wane ne a cikinsu mahaifiyarsu ta fi duka. Gwaggo tana jin su daga ciki tana gyara musu. Ana jin ƙarar harbi daga bayan gari wani lokaci, su yi shiru, su saurara, in ta lafa su koma musunsu. Kafin lokacin dokar hana fita Baba Kura zai rako shi har bakin titi, ya tsaya sai keken da Baba ya hau ya ɓace.

Da damina ta gabato Baba ya ce zai noma gonar. Ɗinki ya mutu, wa yake ɗinka sabon kaya a lokacin? Ga ƙannena a makaranta, ga hatsi ya yi tsada. Mutane suna zuwa Zabarmari, suna nomawa, suna dawowa. Wasu kuma ba sa dawowa. Kowa ya san haka.

A nan suka yi faɗansu na biyu, kuma na ƙarshe. Ina wurin.

"Na ba ka ne ka riƙe, ban ce ka je ba," in ji Baba Kura. "Ka bari sai ƙura ta lafa."

"Yaushe za ta lafa, Yaya?"

"Ka dawo gidan nan da iyalinka. Abin da muka samu mu ci tare."

"Kai ma bakuna nawa ne a kanka? Kana sayar da motoci ɗaya bayan ɗaya, kana tsammani ban sani ba? Shekara da shekaru ina mafarkin gonar nan. Yanzu ta dawo hannuna in zauna ina kallonta daga gari?"

Baba Kura ya buga sanda a ƙasa. "Na ce ba za ka je ba!"

Baba ya yi murmushi, ya ce a hankali, "Yaya, ka daina ba ni umarni tun ranar da ka tsuguna a zaurena."

Baba Kura ya yi abin da ban taɓa ji ya yi ba: ya maimaita magana. Ya sake cewa kada ya je, ya sake, muryarsa tana raguwa, har ta koma roƙo. Baba ya riƙe hannunsa ya ce Allah yana nan.

Ya noma ta. Shinkafar ta yi kyau, ya ce bai taɓa ganin ta yi haka ba. Ya kawo wa yayansa zangarniya guda a aljihu don ya gani. Da kaka ta yi ya tafi yanka da 'yan ƙwadago kaɗan. Ranar ba su dawo ba. Washegari mutanen garin suka shiga gonar suka ɗauko gawarwakinsu. Ba wani babban labari ba ne a lokacin. Ko a rediyo ba a faɗa ba.

Baba Kura ne ya yi masa wanka. Ya hana kowa shiga sai limami, kuma har ya mutu bai gaya wa kowa abin da ya gani ba. Mama ta tambaye shi sau ɗaya, ya ce, "Fuskarsa lafiya lau." Iyakar abin da muka samu ke nan.

Mama tana cikin takaba ya zo ya tsaya a bayan labulen ɗakinta. Ya ce, "Ni na ba shi gonar."

Mama ta ce, "Yaya, tun da muka bar Shehuri ban ga yana barci mai daɗi ba sai bayan ranar da ka zo. Kada ka ƙara faɗin haka a gidan nan."

Bai ƙara faɗa a gidan ba. Amma daga ranar bai sake cin shinkafa ba. Ba rantsuwa ya yi ba. In an kawo sai ya duba, ya ture kwanon a hankali, ya ce a ba yara. Ya ɗauki nauyin Mama da ƙannena da ɗan abin da ya rage masa. Ya rame, wuyan rigunansa suka yi masa yawa. Da la'asar yana fitowa gindin darbejiya, a ajiye masa shayi, rediyon a kashe.

Wata rana na same shi a can. Na zauna a gefen tabarma, muka gaisa. Tambayar ta daɗe tana cina, sai kawai na ji ta fito.

"Baba Kura, ka yi nadamar zuwa Fezzan?"

Bai yi fushi ba. Ya juya kofin shayin a hannunsa.

"Uwata, kullum ina wannan lissafin. In ban je ba, gonar tana hannuna, ba zai taka ta ba. Wataƙila yau yana zaurensa yana ɗinki, ba ma magana, amma yana da rai, ke kina da uba. In kuma ban je ba, ajalinsa ya same shi a wani wurin, da na wanke shi ban nemi gafararsa ba. Na tambayi malamai, sun ce kwanansa ne ya ƙare. Na sani. Ni ma haka nake gaya wa mutane in na je ta'aziyya." Ya ajiye kofin. "Tunanin mutuwa ya nuna mini abin da ya kamata in yi, na yi. Ban san zai kai mu nan ba. Da za a mayar da ni bakin ƙofar nan, zan sake yin sallama. Kuma da za a ce in ba da duk abin da ya rage mini na kwana a dawo da shi, zan bayar. Biyun nan na kasa haɗa su. Na bar wa Allah."

Na zuba masa wani shayin, shi ma ya huce.

Bayan haka duk wanda ya zo masa da ƙarar ɗan'uwa, ba ya tsayawa jin wa ke da gaskiya. Zai ce, "Yana da rai? To tashi ka je yanzu. Ka ci abincinsa ko da ba daɗi." Wasu suna zuwa, wasu ba sa zuwa. Gonar kuwa tana can. Ba wanda ya sake taka ta a cikinmu, ba wanda ya yi maganar sayarwa. An ce ciyawa ta rufe ta.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Aka kai shi asibiti, ya ce a mayar da shi gida. Ranar da ta zama ta ƙarshe da na gan shi da hankalinsa, da hantsi ne, ni da maigidana muka shiga. Ya kama hannun maigidana.

"Abu ɗaya nake so. Ban bar wasiyyar komai ba, ba abin da ya rage da za a yi rigima a kai. In na tafi, ku sa ni kusa da Gana. Ko ba dab da shi ba, inda in an tsaya a kaina za a hango shi."

Maigidana ya ce, "In sha Allahu, Baba."

Ya dube ni. "Uwata, kin ji. Ke ce shaida."

Na ce na ji.

Da maza suka dawo daga maƙabarta, na jira har mutane suka ragu, na tare maigidana a zaure. Ƙafafunsa duk ƙasa. Tun kafin in tambaya na ga amsar a fuskarsa.

Ya ce sun je tun kafin a kawo shi, shi da ƙanina, suka nemi kabarin Baba suka samu. Suka duba dama, suka duba hagu, gaba da baya. Babu ko taku ɗaya. Ya roƙi masu haƙa, babbansu ya ce masa, "Malam, dubi da idonka. Duk waɗannan bayan shi suka zo." Sai can ƙarshen maƙabarta, kusa da sabuwar katanga, aka samu wuri.

Na ce, "Ana hangowa?"

Ya ce, "Na tsaya a kansa na duba. Ba a hangowa."

Ban gaya wa Gwaggo ba, ban gaya wa Mama ba. Na koma ciki na ci gaba da karɓar gaisuwa.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka, ka san zafinsa, ka san abin da ya yi da hannunsa bayan ya gane. Ka yafe masa, ka yalwata masa inda ya ga ƙuncinsa tun yana da rai. Ka jiƙan mahaifina, da duk waɗanda ke kwance a tsakaninsu, waɗanda muka sani da waɗanda ba a samu mai faɗin sunansu ba. Abin da ya roƙe mu, mun kasa. Kai ka sa shi kusa da ƙaninsa.